Cocin Bakin Fili: Shekara 250 na Holy Trinity a Unguwar Clapham

A kudancin Landan, kimanin kilomita shida daga tsakiyar birni, akwai wani makeken fili mai ciyawa da manyan itatuwa da tafkuna, ana ce masa Clapham Common. Faɗinsa hekta 89 ne. Nan mutanen unguwa ke motsa jiki da sassafe, nan yara ke buga ƙwallo, nan iyalai ke shimfiɗa barguna su sha hantsi idan sanyi ya wuce. Ta gefensa na arewa maso gabas akwai wani ginin bulo mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a gabansa da 'yar hasumiya mai agogo a bisansa. Ba ya cikin manyan majami'un da masu yawon buɗe ido ke layi don su gani. Cocin unguwa ne, ɗaya daga cikin kusan 16,000 da Cocin Ingila ke da su.

Sunansa Holy Trinity, wato Triniti Mai Tsarki, kuma an buɗe shi a 1776, shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta daga Birtaniya. A jikin bangonsa ta waje an kafa wani allon dutse mai ɗauke da sunayen wasu mutane da suka yi sujada a cikinsa ko suka yi aiki tare da masu sujadar. Ɓarɓashin bam na Yaƙin Duniya na Biyu ya farfashe fuskar allon, aka bar shi da tabonsa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, masu waɗannan sunaye sun ja ragamar yaƙin da ya kai Majalisar Dokokin Birtaniya ga haramta fataucin bayi, sun kuma kafa ƙungiyoyin da sawunsu ya kai har Lokoja da Zariya.

Wanda ya bi tarihin wurin zai ga ƙarfin wannan coci bai fito daga girman gini ko tsufansa ba. Ya fito ne daga maƙwabtaka: mutanen da gidajensu ke kallon fili ɗaya, suke zama a ƙarƙashin mumbari ɗaya ranar Lahadi, suka kuma yarda cewa alhakin waɗanda ke kewaye da su yana wuyansu.

Daga ƙauye zuwa unguwar attajirai

Clapham tsohon ƙauye ne. Sunansa ya fito a babban kundin ƙidayar filaye da aka yi a Ingila a 1086. Ɗaruruwan shekaru ya yi yana ƙauyen manoma a yankin Surrey, da ɗan cocinsa a kan wani tudu, inda yau ake kira Rectory Grove. Annobar da ta afka wa Landan a 1665 da babbar gobarar 1666 su suka fara korar masu hali daga cunkoson birni zuwa inda iska take da kyau. Clapham ya dace da su, don mutum zai iya kwana a ƙauye ya wayi gari ya hau keken doki ya isa ofishinsa a birni. Samuel Pepys, wanda littafin tarihin rayuwarsa na yau da kullum ya shahara, a nan ya rasu a 1703. Daga baya masanin kimiyya Henry Cavendish ya zauna a bakin filin, a gidansa kuma ya yi gwajin auna nauyin duniya a 1798.

Da manyan gidaje suka yi yawa a kewayen filin, tsohon cocin ya yi wa jama'a kaɗan, ya yi musu nisa, ginin ma ya gaji. A 1774 majalisa ta yi dokar da ta ba da izinin gina sabo a kan filin kansa. Kenton Couse ne ya tsara ginin, mutumin da ya yi aikin gyaran gida mai lamba 10 a titin Downing, mazaunin firaministan Birtaniya. Ya yi shi ba ado: zaure ɗaya mai faɗi, da bene mai zagaye ɓangarori uku, da mumbari mai tsayi yadda kowa zai ji wa'azi. Bisa al'adar zamanin, masu kuɗi kan kama hayar benci na iyalinsu, barori da talakawa kuwa su zauna a sama ko a baya. A 1812 aka ƙara rumfar ginshiƙan gaba, inda masu kekunan doki ke sauka ba tare da ruwa ya taɓa su ba.

Abin da ake nufi da gundumar coci

Ba za a fahimci wannan labari ba sai an san yadda Ɗariƙar Angilikan ta tsara kanta a Ingila. An yanka ƙasar gaba ɗaya gunduma-gunduma, kimanin 12,500, a ƙarƙashin dayosis 42, wato yankunan bishop-bishop. Kusan babu taƙin ƙasa ɗaya da ba ya cikin wata gunduma. Ranar da bishop ya naɗa limami, yana ɗora masa kula da rayukan duk mazauna gundumar ne, masu zuwa sujada da marasa zuwa. Har gobe doka ta ba mazaunin gunduma haƙƙin a yi wa ɗansa baftisma a cocin unguwarsu, a ɗaura masa aure a can, a kuma yi masa jana'iza, ko da bai taɓa leƙa ƙofar ba. Kafin ɗaurin aure akan sanar da sunayen ango da amarya Lahadi uku, don mai ƙorafi ya fito.

A zamanin da aka gina Holy Trinity, gundumar coci ita ce ƙaramar hukuma. Tun 1538 aka umarci limamai su riƙa rubuta kowace baftisma da aure da binnewa a littafi. Dokar talakawa ta 1601 ta ɗora wa kowace gunduma ciyar da gajiyayyunta, haka kuma aka ci gaba har 1834. Masu biyan haraji na unguwa kan taru a ɗakin da limami ke sa rigarsa, su yanka kuɗin da kowane gida zai biya, su zaɓi masu kula da matalauta da mai gyaran hanya da ɗan doka. Saboda haka limamin Clapham na wancan lokaci ba mai wa'azi kaɗai ba ne. Zancen makaranta da cuta da yunwa duk ta ƙofarsa suke bi.

Limamin da ya san ƙofar kowa

A 1792 John Venn ya zama limamin Clapham, ya kuma riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1813. Ɗan unguwa ne: a nan aka haife shi a 1759, lokacin da mahaifinsa Henry Venn yake mataimakin limami. Iyalin Thornton ne suka yi hanyar dawowarsa. Uban gidan, John Thornton, babban ɗan kasuwa ne mai hulɗa da Rasha, darakta a Babban Bankin Ingila, kuma ya yi suna wajen kyauta. Shi ya riƙa tallafa wa John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi da ya tuba ya zama limami. Dukansu suna cikin masu ra'ayin farfaɗo da bishara, irin farkawar da John Wesley da George Whitefield suka kawo, sai dai su sun zaɓi su tsaya cikin Cocin Ingila.

Venn mutum ne mai kunya, ba mai lafiya sosai ba, ba ya kuma son fitowa gaba. Aikinsa a unguwa shi ya nuna ko wane ne shi. Ya faɗaɗa makarantar 'ya'yan talakawa, ya fara sujadar yamma ranar Lahadi don waɗanda aiki ke hana su zuwa da safe. A 1799 ya kafa ƙungiyar kyautata rayuwar matalauta ta Clapham, aka kasa gundumar shiyya-shiyya, kowace da masu ziyararta da ke shiga gida-gida su ga wa ke kwance, wa ya rasa aiki, ɗan wa ba ya zuwa makaranta. Zumunci a ƙafa yake, kuma da ƙafa suka yi shi. Da likita Edward Jenner ya bayyana riga-kafin cutar agana a 1798, mutane da yawa sun ji tsoron lambar. Venn ya tsaya tsayin daka har aka yi wa jama'ar gundumarsa, tun abin yana sabo.

Wannan shi ne ginshiƙin da sauran labarin ya hau kai. 'Yan majalisa da shugabannin banki da ke zaune a gabansa ranar Lahadi suna jin wa'azin mutumin da suka san ya kwana da damuwar maƙwabtansu.

Maƙwabtan bakin fili

A shekarar da Venn ya zo, Henry Thornton, ɗan John Thornton, ya sayi wani gida a yammacin filin mai suna Battersea Rise. Ma'aikacin banki ne, ɗan majalisa mai wakiltar Southwark, kuma littafinsa na 1802 kan kuɗin takarda har yau masana tattalin arziki na karanta shi. Kafin ya yi aure yakan bayar da kashi shida cikin bakwai na abin da yake samu sadaka, bayan aure kuma kashi ɗaya cikin uku. Ya gayyaci ɗan'uwansa William Wilberforce, ɗan majalisa mai wakiltar Yorkshire, suka zauna tare na wasu shekaru, bayan Wilberforce ya yi aure a 1797 kuma ya koma gidan da ke maƙwabtaka.

Sannu a hankali sauran suka taru. Charles Grant ya zo, wanda ya shugabanci Kamfanin Gabashin Indiya. John Shore, wato Lord Teignmouth, ya zo bayan ya sauka daga gwamna janar na Indiya. James Stephen lauya ne da ya zauna a tsibiran Karibiyan, ya ga yadda ake yi wa bayi shari'ar zalunci, daga baya ya auri 'yar'uwar Wilberforce. Zachary Macaulay tun yana saurayi ya yi aikin akawu a gonar rake a Jamaika, ya zama gwamnan Saliyo, ya kuma taɓa shiga jirgin bayi da gangan ya haye Tekun Atilantika don ya ga abin da idonsa. Granville Sharp da marubuciya Hannah More ba a Clapham suke zaune ba, amma ƙafarsu ba ta ɗaukewa daga gidajen.

Ba su da rajista, ba su da shugaba na ƙa'ida. Abokan hamayya a majalisa suna yi musu ba'a da suna Waliyyai. Abin da suke da shi shi ne kusanci: lambunansu a haɗe, 'ya'yansu tare suke wasa, auratayya ta shiga tsakaninsu. Idan magana ta taso sai a hallara a ɗakin karatu na gidan Thornton a raba aiki. Wilberforce ke da baki a majalisa, Stephen ke rubuta ƙudurin doka, Macaulay ke haddace alƙaluma da shaidu, Thornton ke riƙe da kuɗi da sanyin kai, Venn kuma ke kula da zukatansu.

Shekara goma sha takwas ana faɗuwa ana tashi

Jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan uku zuwa nahiyar Amurka, arzikin biranen Liverpool da Bristol da Landan kuma ya ta'allaƙa da wannan ciniki. Wilberforce ya yi babban jawabinsa na farko a kan batun ranar 12 ga Mayu, 1789. A 1791 aka kayar da ƙudurinsa da ƙuri'a 163, shi yana da 88. Juyin juya halin Faransa da yaƙin da ya biyo baya suka sa duk mai zancen 'yanci ana yi masa kallon ɗan tawaye. Shekara bayan shekara yana kawo ƙudurin, ana kayar da shi ko a jinkirta.

Dabarar da ta buɗe ƙofa daga James Stephen ta fito. A 1806 aka kawo dokar da ta hana 'yan Birtaniya sayar da bayi ga yankunan ƙasashen waje. An gabatar da ita a matsayin matakin yaƙi da Faransa, amma ta datse babban kaso na cinikin. A daren 23 ga Fabrairu, 1807, Majalisar Wakilai ta amince da haramta fataucin da ƙuri'a 283, masu adawa 16 kacal. Sarki ya sa hannu ranar 25 ga Maris. An ruwaito cewa a daren nan Wilberforce ya tambayi Thornton me kuma za su kawar, shi kuwa ya ambaci cacar da gwamnati ke shiryawa. Ita ma an soke ta a 1826.

Haramta fatauci bai 'yanta waɗanda ke cikin bauta ba. Sai a 1833 aka yi dokar da ta shafi bayi kimanin 800,000 a yankunan Birtaniya. Wilberforce ya rasu ranar 29 ga Yuli na shekarar, kwana uku bayan an kawo masa labarin cewa dokar za ta wuce.

Adalci ne a faɗa cewa mutanen Clapham ba su kaɗai suka yi wannan aiki ba. Cikin mutum 12 da suka kafa kwamitin yaƙi da fataucin a 1787, tara 'yan ɗariƙar Quaker ne. Thomas Clarkson ya yi tafiyar dubban mil a kan doki yana tattara shaida daga ma'aikatan jiragen ruwa. Olaudah Equiano, wanda ya ɗanɗani bauta da jikinsa, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1789 ya zagaya ƙasar da shi. Dubban ɗaruruwan talakawa, mata a kan gaba, sun ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma. Bayin kansu sun yi tawaye a Haiti a 1791, a Barbados a 1816, a Demerara a 1823, a Jamaika a 1831. Abin da Clapham ya kawo shi ne hannu a cikin majalisa da kuma naci.

Maƙwabcin da ke ɗaya ɓangaren

A arewacin filin nan, a cikin gundumar nan, akwai gidan George Hibbert. Attajiri ne mai cinikin sukari da Jamaika, shugaba a kamfanin da ya gina tashar jiragen ruwa ta West India a Landan, mai son littattafai da furanni har aka sa wa wani jinsin tsiro sunansa. Ɗan majalisa ne shi ma, kuma a 1807 ya miƙe ya yi jawabin adawa da ƙudurin maƙwabcinsa. Ya shafe shekaru yana dagewa cewa in za a 'yanta bayi, dole a biya iyayengijinsu diyya. Hakan kuwa aka yi. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 ga masu bayi, iyalin Hibbert na cikin waɗanda suka karɓa, waɗanda aka bautar kuma ba a ba su ko sisi ba. An ma tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Bashin da aka ci don biyan diyyar sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama da shi.

Su ma mutanen Wilberforce suna da nasu tabon. Shi kansa Wilberforce ya goyi bayan dokar 1799 da ta hana ma'aikata kafa ƙungiyar ƙwadago. Ɗan jarida William Cobbett ya zarge shi da tausayin bayin nesa alhali yana kau da kai daga wahalar leburorin masaƙu a gida. Da Macaulay ya baro Saliyo a 1799, ya taho da yara 'yan Afirka fiye da ashirin, aka buɗe musu makaranta a Clapham da nufin su koma su zama malamai da shugabanni. An yi wa wasunsu baftisma a Holy Trinity. Sanyi da cututtuka, musamman ƙyanda, sun kashe da dama daga cikinsu, makarantar kuma ba ta daɗe ba. An yi abin da kyakkyawar niyya, amma waɗannan yara sun mutu nesa da iyayensu, kuma tarihin cocin bai cika ba in babu su.

Hanyar da ta biyo ta ƙasar Hausa

Ranar 12 ga Afrilu, 1799, John Venn ya shugabanci wani taro a wani masauki a Landan inda aka kafa ƙungiyar mishan da daga baya aka sani da CMS. Henry Thornton ne ma'ajinta na farko. A 1804 aka kafa ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da ƙasashen waje, Lord Teignmouth ya zama shugabanta na farko.

Ɗan John Venn, wanda shi ma Henry ne sunansa, an haife shi a Clapham a 1796, ya kuma riƙe sakatariyar CMS fiye da shekara talatin daga 1841. Ra'ayinsa shi ne coci a Afirka ko Asiya ya ciyar da kansa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa, Bature ɗan mishan kuma ya matsa gefe. Shi ya tsaya wa Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da sojojin ruwan Birtaniya suka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822, har aka naɗa shi bishop a Canterbury a 1864. Crowther ya yi aiki a Lokoja, ya kuma ƙulla hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida.

Abokin tafiyar Crowther a binciken Kogin Kwara na 1841 shi ne James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin CMS, wanda ya fara koyon Hausa a bakin Hausawan da aka 'yanta aka sauke a Freetown. Ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Babban mataimakinsa shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda matafiyi mai bincike Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. A 1900 tawagar CMS ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame ta. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Dokta Walter Miller, ya zauna a Zariya, daga nan mishan ta koma Wusasa da cocinta da makarantarta da asibitinta. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ƙungiyar nan ta 1804 ce kuma ta buga shi. 

Jirgin ƙasa, bama-bamai da baƙi

Zaman maƙwabtakar bai daɗe ba. Wilberforce ya bar unguwar a 1808, Venn ya rasu a 1813, Thornton a 1815. Birni kuma ya ci gaba da matsowa. Jirgin ƙasa ya zo, a 1900 kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso bakin filin. Attajirai suka ƙara gaba, aka rushe manyan gidaje aka jera ƙanana na akawuna da masu sana'a. Gidan Battersea Rise kansa an rushe shi a 1907. Gundumar da dā coci ɗaya ke riƙe da ita aka yayyanka ta, aka gina sababbin majami'u, ciki har da St Paul's a kan tudun tsohon cocin. A 1902 da 1903 aka faɗaɗa Holy Trinity ta gabas aka yi wa bagadi wuri mai faɗi, alamar cewa jibin Ubangiji da waƙa sun sami matsayi kusa da wa'azi. A 1905 cocin ya shiga sabuwar dayosis ta Southwark.

A Yaƙin Duniya na Biyu bama-baman Jamus sun yi wa ginin mummunar ɓarna, sai bayan yaƙi aka gyara shi. A lokacin yaƙin an haƙa manyan ramukan fakewa a ƙarƙashin Clapham. A watan Yunin 1948 jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya iso da mutanen Karibiyan masu neman aiki, fiye da 200 daga cikinsu kuma aka sauke su a ramin Clapham South. Ofishin neman aiki mafi kusa yana Brixton, shi ya sa da yawa suka kafu a can. Jikokin waɗanda aka bautar ne, da yawansu 'yan Angilikan tun daga gida. A majami'u da dama na Ingila an karɓe su da fuska a ɗaure, har wasu aka ce musu kada su dawo. Babban taron Cocin Ingila ya nemi gafara kan haka a watan Fabrairun 2020. Kafin nan, a 2006, ya nemi gafara kan hannun da cocin ya sa a bauta, musamman gonakin Codrington a Barbados. A watan Maris na 2007 manyan bishop-bishop Rowan Williams da John Sentamu suka jagoranci tattakin tuba a Landan don cika shekara 200 da dokar 1807, ɗaya daga cikin jerin gwanon kuma daga Holy Trinity ya tashi. A 2023 hukumar da ke kula da dukiyar cocin ta ware fam miliyan 100 bayan bincike ya nuna wani tsohon asusunta ya zuba jari a kamfanin da ya yi jigilar bayi.

Rayuwar cocin a yau

Ingila ta yau ba ta John Venn ba ce. A ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kiristoci ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi. Kashi 37.2 sun ce ba su da addini, kashi 6.5 Musulmi ne. Masu zuwa cocin Angilikan ranar Lahadi a Nijeriya sun fi na Ingila yawa nesa ba kusa ba. Majami'un unguwanni da yawa sun koma hannun tsofaffi ƙalilan.

Holy Trinity ya bi wata hanya. A 2012 wata tawaga ta zo daga cocin Holy Trinity Brompton da ke yammacin Landan, wanda ya shahara wajen farfaɗo da majami'un da suka yi sanyi. Daga can ne darasin Alpha ya samo asali: a ci abinci tare, a ji gajeren jawabi kan bangaskiya, a tattauna, kowa ya yi tambayar da ke ransa. Yanzu ana sujada fiye da sau ɗaya ranar Lahadi, safe da yamma, da jita da ganguna kusa da tsohon molon coci, matasa ma'aikata da iyalai masu ƙananan yara sun yawaita. A tsakiyar mako ƙananan ƙungiyoyi kan haɗu a gidaje don addu'a da nazari.

Tsohon tsarin gunduma yana nan a ƙarƙashin sabon salon. Kowace shekara ana zaɓen dattawan da ke kula da gini da dukiya, da majalisar gunduma da ke aiki tare da limami, tsarin da doka ta kafa tun 1921. Gwamnati ba ta biyan albashin limami. Baikon jama'a ke riƙe da coci, daga ciki kuma ake aika kaso ga dayosis don majami'un unguwannin talakawa su sami limamai. Da yake ginin na cikin waɗanda hukuma ta killace saboda tarihi, ko benci ba a cirewa sai da izini. Makarantar firamare ta cocin da ke unguwar tana ɗauke da sunan Macaulay, ɗaya ce daga cikin makarantu fiye da 4,000 na Cocin Ingila, masu karɓar yara na kowane addini. Bikin godiyar kaka, ranar tunawa da mazan jiya a Nuwamba, waƙoƙin Kirsimeti, aure da jana'iza, su ne lokutan da wanda bai saba shiga coci ba yake shiga.

Clapham na yau unguwa ce mai fuska biyu. Gidajen bakin fili sai mai babban albashi, a bayansu kuma ga dogayen gidajen hukuma inda iyalai ke fama da kuɗin haya da na wuta. Da yawansu cikin iyakar gundumomin da suka fito daga tsohuwar gundumar Venn suke. Shekarar 2026 ta cika wa ginin shekara 250, kuma cikar benci ranar Lahadi abin godiya ne a ƙasar da majami'u ke rufewa. Amma ma'aunin da tarihin wurin ya kafa ya fi wannan tsauri. Mutanen da suka ɗaga sunan Clapham sun fara ne da sanin wa ke kwance da yunwa a layin bayansu, daga nan zuciyarsu ta iya ɗaukar kukan wanda ke ɗaure a cikin jirgi a tsakiyar teku. Inda suka kasa kuma, sun kasa ne a wurin da suka yanke wa mutane shawara ba tare da sun saurare su ba. Duk ɗakin ibadar da ke son alherinsa ya kai nesa, da wannan tambaya zai fara: a cikin unguwar da yake, ƙofar wa ce har yanzu ba a ƙwanƙwasa ba?